Gidan sinukar unguwarmu bayan gyara

Wata biyu da 'yan kwanaki gidan sinukar unguwarmu ya yi a rufe. An sa masa kwaɗo ana tsakiyar zafin bazara, ba a buɗe ba sai da damina ta kankama. Duk tsawon lokacin nan, in na biyo ta layin da yamma sai in ji ƙarar guduma daga ciki, ko in ga an jingine tsofaffin katakai a bakin ƙofa, in ce a raina Allah ya sa ba fenti kawai za a shafa a ƙara mana kuɗi ba. Shekarata 11 ina wasa a gidan nan, tun yana da tebur biyu da ƙwan fitila guda rataye a jikin waya. Daga buɗe shi zuwa yau na je sau shida, da rana da dare, ranar aiki da ƙarshen mako, don haka yanzu ina da bakin magana. Ba zan kama sunan gidan ba tunda akwai abin da zan kushe, amma masu riƙe sanda a wannan ɓangaren na Kaduna sun san inda nake nufi.

Mu nan duk wasan da aka yi da sanda da ƙwallo a kan koren tebur, sinuka muke ce masa. Sinukar asali, wadda sojojin Ingila suka ƙirƙiro a Indiya a 1875, teburinta ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, ƙwallayenta 22, jajaye 15 da masu launi shida da fari, kuma maki ake ƙirgawa. Ita ake gasar duniya a kanta a Shefil ta Ingila kowace shekara. Wanda muke bugawa a unguwanni shi ne wanda Amurkawa ke kira ful: ƙwallo 15 masu lamba da fari ɗaya, daga 1 zuwa 7 masu launi ɗaya, daga 9 zuwa 15 masu ɗamara, sai baƙi mai lamba 8 wanda shi ke raba gardama. Shi ake bugawa a gidan da nake magana, kuma zan ci gaba da ce masa sinuka kamar yadda kowa ke cewa.

Sana'ata sa tayil ce, kuma ita ta sa nake kallon tebur da wani ido daban. Mutum zai shiga ɗaki ya yaba launin tayil, ni kuwa ƙafata ce ke gaya mini inda aka yi ha'inci a ƙarƙashi. Tsofaffin teburan gidan nan katako ne a ƙarƙashin ƙyallen, irin matsattsen katakon nan da ake yin kabad da shi. Katako kuwa yana shan laima da damina ya kumbura, ya bushe da hunturu ya lanƙwashe. Teburin da ke kusa da taga ya karkata zuwa ramin kusurwar hagu, duk ɗan gida ya san haka. In ka buga a hankali, ƙwallo zai tafi kamar zai wuce, sai ya karya kwana da kansa ya faɗa. Ɗaya teburin kuma yana da wani tudu a tsakiya, wanda sai ka ƙara ƙarfi kafin ƙwallo ya haye shi bai kauce ba. Shekara da shekaru muna cinye masu zuwa daga wasu unguwanni a gidan nan, ana cewa 'yan layinmu sun iya wasa, alhali rabin iyawar tamu sanin lahanin tebur ne. Na gane hakan ne ranar da muka je buga wasa Zariya a kan tebur mai kyau, aka yi mana wankin babban bargo.

Saboda haka ranar da na fara komawa, da jakar aikina na tafi. Na iske mai gidan a bakin kanta, muka gaisa, na yi masa murnar gyara, sannan na ce, "Alhaji, ka ba ni izini in ɗora ma'aunina a kan teburanka?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, da ma kai nake jira. Bismillah." Na ciro ma'aunin nan namu na magina mai ruwa a ciki, dogon, na ɗora shi a tsaye, na ɗora a kwance, na ɗora daga kusurwa zuwa kusurwa. A tebur uku sababbi, kumfar ruwan ta tsaya cak a tsakanin layukan biyu. Ban tsaya nan ba, don ma'aunin magini ba ya kama ƙaramar karkata kamar yadda ƙwallo ke kamawa. Na ɗauki fari na tura shi da sanda a hankali daga wannan kai zuwa wancan, yadda zai mutu da kansa kafin ya taɓa robar gefen tebur. A nan ake gane gaskiyar tebur, domin ƙwallon da ke gab da tsayawa ba shi da ƙarfin yin gardama da gangara. Sau biyar ina yi a kowane tebur, ta gefe da ta tsakiya, bai kauce ba.

Dalilin yana ƙarƙashin ƙyalle. Sababbin teburan dutse ne, wanda masu sayarwa a nan ke kira mabul, ko da yake ainihinsa baƙin dutsen nan ne irin wanda ake yin allon 'yan makaranta da shi a da. Kaurinsa inci ɗaya, kuma falle uku ne ake haɗawa a kowane tebur. Wurin haɗin nan shi ne inda gwani da ɗan koyo ke rabuwa, daidai da bakin tayil biyu. Sai an saita kowane falle da ƴan siraran katakai daga ƙasa har bakinsu ya zo ɗaya, sannan a cike tsagar da kakin zuma ko wani abin liƙi, a kankare har ya yi sumul, kafin a ja ƙyalle a kai. Na bi da tafin hannuna a inda na san haɗin yake, idona a rufe, ban ji komai ba a tebur biyu. A na uku na ji wani ɗan layi siriri kusa da roba, wanda bai kai ya karkatar da ƙwallo ba, amma yana nan. Na nuna wa Alhaji, ya shafa bai ji ba, sai da na kama yatsansa na ɗora a wurin. Ko wane ne ya yi aikin haɗa dutsen nan, ya ci kuɗinsa da halal. Na auna filin wasan da tef, inci 88 ne da 44, wato tebur mai ƙafa takwas kenan, ya fi tsofaffin girma, kuma za ka ji bambancin a dogon bugu.

Ƙyallen ma ya canza. Tsohon irin mai gashi ne, kamar bargo, da ya tsufa sai ya riƙa fitar da ƴan dunƙule-dunƙule, ga ƙonon taba a wuri biyu, ga wata yagewa da aka ɗinke da zare kusa da inda ake jera ƙwallaye. Sabon ba shi da gashi, saƙarsa a matse take, in ka sunkuya za ka ga zaren kamar na yadi mai tsada. Na tambaya ko Simonis ne, na ƙasar Beljiyam, wanda ake shimfiɗawa a manyan gasa. Alhaji ya ce a'a, kuɗinsa bai kai can ba, wani ne mai kama da shi daga Sin. Na ji daɗin wannan amsar, don da ya ce mini Simonis ne ba ni da hanyar ƙaryata shi. Ƙyallen yana da gudu sosai. Bugun da a da sai ka sa ƙarfin kafaɗa, yanzu wuyan hannu ya isa. Amma ranar da aka wuni ana ruwa na lura ya rage gudu, ƙwallo na tsayawa da wuri, saboda ulu yana shan laimar iska. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka ƙyalle yake. Abin da nake jiye masa shi ne hunturu. Ƙurar Kaduna in ta shiga cikin saƙar nan ta haɗu da garin allin da ake goga wa kan sanda, sai ta zama kamar samfefa a ƙarƙashin ƙwallo. Na ga suna da buroshi kuma yaron tebur yana sharewa daga kai zuwa ƙasa kafin a buɗe, amma ban ga mayafin rufe tebur da dare ba. Na gaya wa Alhaji ko leda ce mai kauri a saya, tun kafin iska ta juya.

Robar gefe sabuwa ce, tana mayar da ƙwallo da rai. Tsohuwar ta bushe ta ƙandare, in ƙwallo ya doke ta sai ka ji ƙum, ya dawo rabin hanya ya tsaya. Yanzu in na buga da ƙarfi daga kai, fari yana zuwa ya dawo ya sake zuwa ya sake dawowa. Bugun da ake bi ta roba kafin a ci, wanda muka daina gwadawa shekaru da yawa don babu tabbas, ya dawo cikin wasa.

Wasana na farko da ɗan yayana na buga shi, yaro ɗan shekara 19 da ya fara koyon kusurwa a wayarsa da wasan 8 Ball Pool kafin ya taɓa riƙe sanda. A tsohon tebur ban taɓa barinsa ya ga baƙi ba. Ranar nan ya ci ni biyu a jere. Hannuna ya riga ya saba da ƙara ƙarfi da kauce wa tudun da babu shi yanzu, shi kuwa inda idonsa ya nuna masa nan yake bugawa, tebur kuma yana ba shi abin da ya nema. Da ya zura baƙi na biyu sai ya ce, "Baba, yau ko ba ka jin daɗi ne?" Na ce lafiyata ƙalau, tebur ne ya daina taya ni. Sai a zuwa na uku hannuna ya fara saki. Kuma a ranar ne na yi abin da na daɗe ina gani a bidiyo ban taɓa samu ya fito mini daidai ba: na bugi fari a ƙasan cibiyarsa, sanda a kwance, na bar ta ta ratsa, ya je ya ci lamba 12 sannan ya juyo baya da kansa kusan kamu uku, ya tsaya daidai inda nake son buga 14. Na daɗe ina zaton hannuna ne bai iya ba. Ashe har da tebur. Ƙyalle mai gashi da datti yana cinye juyin da ka ba fari kafin ya isa, ga shi kuma tsohon farin namu ya fi sauran ƙwallayen girma da nauyi, saboda teburin mai cin kwabo ne a asalinsa, da girman ne injin ciki ke rarrabe fari ya dawo da shi waje. Fari mai nauyi gaba yake son yi, ba ya son dawowa.

Yanzu ƙwallayen duk girmansu ɗaya. A tebur biyu Aramith ne, na ga kwalinsu a kan kanta, su ma daga Beljiyam ake yin su. Ƙararsu ma daban take, in an fasa jerin ƙwallaye da bugun farko za ka ji wani ƙas mai tsabta wanda mai wucewa a waje zai san an fara wasa. A sauran teburan ƙwallayen masu araha ne, sababbi dai, amma na san nan da shekara za su dushe su fara ɓallewa a baki. Ramuka kuma sun fi na da matsewa. Masu son fasa jeri da ƙarfin tsiya su ga uku sun faɗa za su yi gunaguni, ni kuwa hakan ya yi mini. Wanda ya taɓa kallon Efren Reyes, tsohon nan ɗan ƙasar Filifin da ya ci gasar duniya a 1999, ya san cewa wasan nan ba a cin ƙwallo yake ba kawai, a inda fari zai tsaya bayan an ci yake. A kan tebur irin wannan ne yaro zai iya koyon hakan.

Fitila: kowane tebur yana da tasa doguwa rataye a kansa, haske fari, babu inuwa a ƙarƙashin ƙwallo. An sa sola, kuma fitilun tebur da fankoki a kanta suke. Sau biyu aka ɗauke wuta ina tsakiyar wasa, ban sani ba sai da na ji na'urar sanyaya ɗaki ta yi shiru. Wanda ya taɓa sunkuyawa zai buga baƙi duhu ya rufe shi, ya tsaya minti biyar ana jan janareta, kowa na rantsuwa ba shi ya taɓa ƙwallo ba, ya san darajar wannan.

To, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da ya fi ɓata mini rai sanduna ne. An kashe kuɗi a dutse da ƙyalle da sola, aka zo kan abin da ɗan wasa zai riƙe a hannunsa aka yi ƙwauro. Sanda 14 na ƙirga a jikin bango. Na kwantar da su ɗaya bayan ɗaya a kan tebur na mirgina, biyar kawai suka tafi sumul, sauran kansu na rawa. Da yawansu tsofaffin ne aka goge aka shafa musu man katako. Kan sanda fata ce ya kamata a liƙa, a kankare ta ta yi ɗan doro, ta yadda za ta riƙe alli ta kama fari. A nan wasu kawunan irin na ɗaurawa ne da ake murɗawa kamar noti, sun yi tauri sun yi santsi, wasu kuma fatar ta baje ta yi lema. Ɗaya ma fatar ta cinye har farin zoben da ke ƙarƙashinta ya kusa fitowa, kuma ita ce za ta fara yaga sabon ƙyallen ranar da wani yaro ya zame. Na cire ta daga layi da hannuna na kai wa yaron tebur na ce ya ɓoye. Washegari na same ta ta koma bango. Ni ina da sandata mai haɗi biyu da na saya hannu na biyu shekara huɗu da suka wuce, don haka abin bai shafe ni kai tsaye ba. Amma mutum tara cikin goma da ke shigowa da ta gida suke wasa, kuma kuɗin da suke biya ɗaya ne da nawa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Fatar kan sanda ba ta da tsada, kwali ɗaya zai wadaci gidan nan shekara, abin da ake buƙata shi ne mutum ɗaya da zai koyi liƙa ta.

Sai hoda. Har yanzu akwai kwanon hodar nan a kan ginshiƙi, kowa na tsoma hannu don sanda ta yi santsi, sannan ya dafa tebur. Kwana goma da buɗewa na fara ganin farin tambarin yatsu a inda ake fasa jeri. Hoda tana shiga saƙa ba ta fita, tana manne wa ƙwallo ta sa biyu su riƙe juna lokacin haɗuwa, bugu ya lalace ba ka san dalili ba. Tawul mai tsabta a goge sanda da hannu ya isa, ko safar hannu mai yatsa uku ga masu gumi. Allin da suke bayarwa kuma ƙwaya ɗaya ce a tebur, an ɗaure ta da zare, an rarake ta har ta yi rijiya. Alli mai zurfin rami ba ya taɓa fata, zobe yake shafawa.

Tebur na huɗu tsohon ne, na katako, aka yi masa sabuwar riga. Daga nesa ba ka bambanta shi da sauran. Ma'aunina ya nuna yana nan da halinsa, ko da yake an ɗan tallafe ƙafarsa. Ba na ƙin a bar shi, amma kuɗinsa bai kamata ya zama ɗaya da na dutse ba, kuma ya kamata a gaya wa baƙo gaskiya kafin ya biya. Ga shi an matsa shi kusa da ginshiƙi. Tsawon sanda inci 57 zuwa 58 ne, don haka tebur yana son fili kusan ƙafa biyar ta kowane gefe. A kusurwar nan ƙafa uku da rabi na auna. In fari ya kwanta a jikin robar wannan gefen, sai ka ɗaga gindin sanda sama kamar mai sukar doya, kuma da irin wannan bugun ake huda ƙyalle. Gajeriyar sanda ɗaya a jingine a wurin za ta warware matsalar.

Wani abu da ban zata ba kuma ya burge ni shi ne allon doka da aka kafa a bango, da Hausa da Turanci. Rabin rigimar gidan sinuka daga doka take tasowa, don kowace unguwa da tata. Wani ya ce in ka yi laifi abokin wasa yana da bugu biyu, wani ya ce a'a, fari zai ɗauka ya ajiye inda ya so. Wani ya ce dole baƙi ya faɗa ramin da ƙwallonka na ƙarshe ya faɗa, wani ya ce sai dai ka nuna rami kafin ka buga. Na ga abota ta shekaru ta yi tsami a kan wannan. Yanzu an rubuta: wanda aka yi wa laifi ya ɗauki fari a hannu, baƙi kuma sai an nuna raminsa. Tsofaffin 'yan gida, har da abokina direban tifa da muka fara wasa tare, suna ta mita cewa an kashe musu bugu biyu. Ni ina ganin dokar ɗaukar fari ta fi adalci, don tana hana mutum ya yi laifi da gangan ya ɓoye fari, kuma ita ake bi a gasar duniya. Ko ba haka ba ma, doka ɗaya a rubuce ta fi goma a baki.

A ƙasan allon an rubuta babu caca, babu taba ko shisha a ciki, babu yaro da kayan makaranta, babu ɗora kofi ko zama a bakin tebur. Na san abin da iyaye ke cewa game da gidan sinuka, kuma ba ƙarya suke yi gaba ɗaya ba. A gidan nan na taɓa ganin yaro ya ajiye wayarsa a kan wasa ɗaya ya fita ba ita. Daren Asabar da na je, wasu samari biyu sun fara ajiye kuɗi a ƙarƙashin alli, sai manajan ya zo ya tsaya a kansu ya ce, "Samari, ku ɗauke, ko ku ajiye sanda." Bai ɗaga murya ba, suka ɗauke. Ko ana yi ta waya a ɓoye, wannan Allah ne masani, amma a fili dai an hana, kuma ina ganin shi ya sa na fara ganin fuskokin da ban saba gani ba, ma'aikata da ƴan kasuwa masu furfura, wani ma da ɗansa. Da aka kira magariba an kashe kiɗa, aka kife sanduna, akwai butoci da tabarma a baranda. Banɗakin ma an gyara shi, akwai ruwa, sai dai wanda ya sa tayil ɗin bai ba shi gangara zuwa magudana ba, ruwa yana kwanciya a bakin ƙofa. Na yi wa Alhaji alkawarin zan zo in ɗaga layi biyu in gyara masa.

Abin sha akwai zoɓo da kunun aya masu sanyi da lemon kwalba, mai shayin da ke ƙofa kuma yana nan inda yake, yana miƙo Indomie da ƙwai ta taga, a ci a benci nesa da tebur. Talabijin biyu ne. Daren da ake ƙwallon Turai gidan yana cika da masu kallo waɗanda ba wasa suka zo ba, suna tsayawa a bayan mai bugu, in an ci ƙwallo a yi ihu daidai lokacin da ka saki sanda. Wanda yake son wasa na natsuwa ya zo tsakanin la'asar da magariba ranar aiki.

Na bar maganar kuɗi zuwa nan don ita ce ta fi tsaya mini. A da naira 200 ne wasa ɗaya, wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya biya. Yanzu 500 ne, ko 3,000 awa ɗaya, ana karɓar taransifa. In ka dubi abin da aka zuba, ba zan ce an yi tsada ba, araha ba ta ado. Mu huɗu in muka kama awa biyu, abin da kowa zai bayar bai fi kuɗin cin tsire ba. Amma akwai yaran da suka riƙe gidan nan lokacin da rufinsa ke yoyo, masu koyon kanikanci da ɗinki da masu tura baro a kasuwa, waɗanda 200 ɗin ma sai sun haɗa. Zuwana biyu ina ganin wasu daga cikinsu a bakin taga suna leƙe. Ɗaya daga ciki yaro ne da na san hannunsa, siriri, mai bugu da hagu, wanda in ya samu tebur irin wannan wata shida babu mai tsayawa gabansa a unguwar nan. Na kira shi na ce, "Ƙanena, shigo mu buga ɗaya." Ya ce, "Oga, ai yanzu gidan ya fi ƙarfinmu." Na biya muka buga uku, ya ci biyu, kuma tun a wasan farko ya gane gudun ƙyallen, abin da ya ɗauke ni kwana uku.

Na kai wa Alhaji maganar. Na ce daga buɗewa zuwa la'asar teburan nan a kwance suke babu kowa, ga sola tana ba da wuta kyauta, me zai hana a mayar da wasa 200 a wannan lokacin, ko a bar tsohon teburin a tsohon kuɗinsa duk wuni? Ya ce yana tsoron hannun yara a kan sabon ƙyalle. Na ce ƙyalle ba talauci ke yaga shi ba, mummunan kan sanda ne, kuma sandunan nasa ne. Ya yi shiru, sannan ya ce zai duba. Zuwana na ƙarshe na ga an manna takarda a ginshiƙi cewa tebur na huɗu 300 ne kafin ƙarfe huɗu. Sandunan dai suna nan yadda suke, kwanon hoda ma yana nan.

Sabon tebur yakan zauna bayan ƴan watanni, nauyin dutse yana danna katakon da ƙafafu, saitin ya ɗan motsa, musamman in an tashi daga damina an shiga rani. Na gaya wa Alhaji ya riƙe lambar wanda ya haɗa masa, kada ya biya shi cikon kuɗinsa sai ya yarda zai dawo ya sake dubawa. Ni ma na ce da zarar hunturu ya shigo zan dawo da ma'aunina. Kafin nan, ranar Asabar zan je da siminti da injin yanka saboda banɗakin, kuma na sa a kawo mini kwalin fatar kan sanda daga Legas, in ya iso ni da yaron tebur za mu zauna mu koyi liƙawa a kan wadda na ce ya ɓoye.